Lokacin da Dubai take kashe kuɗin Indiya

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma masu cewa sun fi gane karatu a kan sauraro.

Yau tafiyar tamu mai nisa ce, har Tekun Indiya za mu je. Amma bari in fara da wani ɗan abu da ya faru a gabana, don shi ne ya sa ni bin diddigin wannan labarin.

Wasu shekaru da suka wuce na raka wani kawuna Dubai saro kaya. Wanda ya taɓa zuwa ya san unguwar Deira, inda 'yan kasuwarmu suke yini. Muna zaune a shagon wani ɗan Indiya mai sayar da yadi, ana ta buga lissafi, sai ga wani dattijon Balarabe ya shigo, ɗan ƙasa, da farar jallabiya, yana dogara sanda. Mai shagon ya miƙe ya ba shi kujera. Suna gama gaisawa sai na ji tsohon nan ya ɓarke da Indiyanci, tiryan-tiryan, babu gargada. Ni da na tashi da kallon finafinan Indiya ina ta tsintar kalma ɗaya-ɗaya. Da ya zo biyan kuɗi kuma, na ji yana kiran dirhami "rubiya". Yana fita na kasa haƙuri, na tambayi mai shagon. Ya yi dariya ya ce, "Ai tsofaffin nan da rupi suka girma. Lokacin da yake yaro, kuɗinmu ake kashewa a garin nan."

Na ɗauka cika baki ne kawai. Da na dawo gida na bincika, ashe gaskiya ya faɗa. Har zuwa 1966 rupin Indiya ake kashewa a Dubai da Abu Dhabi da Qatar. Kuwait ta bar shi a 1961, Bahrain a 1965, Oman kuwa sai a 1970. Har gobe ƙaramin kuɗin Oman sunansa baisa, daga paisa na Indiya, kuma a Larabcin Kuwait da na Dubai in ana maganar kuɗi za ka ji ana cewa "bezat".

To mu dai abin da muka tashi muka gani shi ne Balarabe mai gida, ɗan Indiya ma'aikaci. Ya aka yi a da kuɗin ma'aikacin ne a aljihun mai gidan? Amsar tana da tsawo, kuma da iska ta fara.

Tekun da ya raba Indiya da ƙasar Larabawa yana da wata ɗabi'a. Daga wajen watan Yuni zuwa Satumba iska tana kaɗawa daga kudu maso yamma ta nufi Indiya, ita ce take kawo musu damina. Daga Nuwamba zuwa wajen Maris sai ta juya baya. A zamanin da babu inji, ƙyalle ake ɗaura wa jirgi iska ta tura shi, wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Matuƙi zai bi iska ya je, ya sayar da kayansa, ya zauna ya jira ta juya, ta dawo da shi gida. Larabawa suna kiran wannan lokaci "mausim", kuma daga nan Turawa suka samo sunan da suke kiran iskar da shi.

Sai kuma buƙata. Ƙasar Larabawa ba ta da manyan itatuwan da za a ƙera jirgi, ba ta noman shinkafa sosai, ba ta da wadatar auduga. Indiya tana da su duka, ga masoro, ga citta, ga ƙarfe mai kyau. Ita kuma Indiya tana son dawakai, da dabino, da luban, da lu'ulu'u. Kun ga kowa yana riƙe da abin da ɗan'uwansa yake nema. Shi kansa jirgin da Balarabe yake shiga ya je Indiya, da katakon Indiya ake yinsa, a ɗinke allunan da igiyar ɓawon kwakwa. Har yau a garin Beypore na jihar Kerala akwai masassaƙan da suke ƙera irin waɗannan jiragen katako da hannu, kuma manyan masu sayensu attajiran Larabawa ne.

Wannan hanya ta girmi Musulunci nesa ba kusa ba. Sargon, sarkin Akkad a ƙasar Iraƙi ta yau, wajen shekara 2300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya yi alfahari da cewa jiragen Dilmun da Magan da Meluhha suna tsayawa a tasharsa. Masana tarihi sun ce Dilmun ita ce Bahrain, Magan Oman, Meluhha kuwa yankin kogin Indus. A zamanin Jahiliyya, in mawaƙin Larabawa zai yabi takobi sai ya kira shi "muhannad", wato ƙirar Hindu. Ƙusɗul Hindi ɗin nan da muke saye a shagunan magungunan Musulunci, wanda ambatonsa ya zo a Sahihul Bukhari, sunansa kaɗai ya isa ya gaya muku cewa kayan Indiya sun riga sun saba da kasuwannin Hijaz tun zamanin Manzon Allah (SAW).

Da Musulunci ya zo, ƙofa biyu ya bi ya shiga Indiya daga wajen Larabawa. Ta farko ita ce wadda aka fi faɗa a littattafai: yaƙin Muhammad bin Ƙasim, wanda ya ci Sindh, a Pakistan ta yau, a 711 zuwa 712. Mulkin Larabawa bai wuce Sindh da Multan sosai ba, amma ya buɗe hanyar ilimi zuwa Bagadaza. A shekarun 770, zamanin Halifa Mansur, wata tawaga daga Sindh ta zo da littafin ilimin taurari na Indiyawa, aka fassara shi aka kira shi Sindhind. Wajen 825 Alkhawarizmi ya rubuta littafi a kan yadda Indiyawa suke lissafi da alƙaluma tara da wani ɗan da'ira mai nufin babu. Indiyawa suna kiran ɗan da'irar "shunya", wato wofi. Larabawa suka fassara shi da "sifr". Mu kuma muka ce sifili. Lambobin da Turawa suke kira na Larabawa, su Larabawan na Indiya suke kiransu.

Haka labarai. Kalila wa Dimna da ɗaliban Larabci suke karantawa, asalinsa wani littafin Indiya ne mai suna Panchatantra. Ya bi ta Farisa, Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci wajen 750. Masu nazarin adabin Hausa sun lissafa shi cikin littattafan da Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga cikinsu ya gina Magana Jari Ce. Kun ga mu ma ruwan ya iso mana, ta hannun Larabawa.

Ƙofa ta biyu ita ce ta fi jan hankalina, don babu takobi a cikinta. Ita ce gaɓar Malabar, wato Kerala ta yau, inda masoro yake fitowa. Ku tuna ɗan kasuwa dole ya zauna watanni yana jiran iska ta juya. Mutumin da yake shekara da shekaru yana irin wannan zama, ai zai kama gida, ya yi aure, ya haihu. Daga wannan auratayya, da kuma 'yan ƙasa da suka musulunta, aka samu al'ummar da ake kira Mappila. Suna riƙe da labarin cewa masallacin Cheraman da ke Kodungallur tun 629 aka kafa shi, ko da yake masana tarihi da yawa suna ganin bai kai haka daɗewa ba. Abin da babu gardama a kai shi ne, yawancin Musulmin arewacin Indiya Hanafawa ne, amma na Kerala Shafi'awa ne kamar mutanen Hadramaut na Yemen, kuma sun daɗe suna rubuta harshensu na Malayalam da baƙaƙen Larabci, kamar dai Ajaminmu.

Ibn Battuta ya iso birnin Kalikut a farkon shekarun 1340. Sarkin garin, wanda ake kira Samudiri, Hindu ne. Amma shugaban 'yan kasuwar tashar, in ji Ibn Battuta, wani Ibrahim ne mutumin Bahrain. Ya kuma ambaci wani attajiri mai jirage da ake kira Misƙal, wanda masallacin da ya gina yake nan tsaye a Kalikut har yanzu, da sunansa. Tsarin a fili yake: sarki yana ba da tsaro da adalci yana karɓar haraji, baƙi suna kawo ciniki, kowa da addininsa.

Ranar da aka gwada wannan amana ita ce ranar da Turawan Fotugal suka zo. Vasco da Gama ya sauka kusa da Kalikut a watan Mayun 1498. Kyautar da ya kawo wa sarki, su huluna da zuma da sukari da 'yan yadudduka, fadawa dariya suka yi mata, don ƙaramin ɗan kasuwa daga Makka ya fi haka kawowa. Da ya ga ba zai iya gasa a kasuwa ba, sai ya dawo da igwa. A 1502 ya tare wani jirgi da ya ɗauko mahajjata daga Makka, ya kwashe dukiyar, ya cinna masa wuta da ɗaruruwan mutane a ciki, har da mata da yara. Ya kuma aika wa Samudiri cewa ya kori dukkan Musulmi daga garinsa. Sarkin ya ƙi. Aka yi wa Kalikut ruwan wuta saboda wannan ƙin.

A 1509 aka yi babban yaƙin ruwa a Diu, inda jiragen Masar da na Sarkin Gujarat da na Kalikut suka haɗu a sahu ɗaya. Fotugal ta yi nasara. Duk da haka, kusan shekara ɗari sarakunan Kalikut suna fafatawa da ita, kuma kwamandojin ruwansu Musulmi ne, waɗanda ake kira Kunjali Marakkar. Tarihin wannan gwagwarmaya wani malamin garin Ponnani ne ya rubuta shi, Shehu Zainuddin Makhdum, a shekarun 1580, cikin littafinsa Tuhfatul Mujahidin. Ɗan Indiya ne, da Larabci ya rubuta, kuma a ciki ya yaba wa sarakunan Hindu a kan yadda suka riƙe Musulmi.

To yanzu mu zo kan rupi. Bayan Fotugal ta yi rauni, Ingila ce ta mamaye Indiya, kuma babban abin da ya dame ta shi ne tsaron hanyar ruwa zuwa can. A 1819 rundunar ruwa ta taso daga Bombai, wato Mumbai ta yau, ta ragargaza Ras al-Khaimah. A 1820 aka sa shehunan gaɓar suka sa hannu a yarjejeniya. A 1839 aka kama Aden ta Yemen. Abin lura a nan shi ne, ba daga Landan ake juya waɗannan wurare ba, daga Indiya ne. Aden tana ƙarƙashin gwamnatin Ingila ta Indiya har 1937. Jami'an da suke kula da Kuwait da Bahrain da Qatar da Dubai da Maskat, ma'aikatan gwamnatin Indiya ne. Sojojin da suke gadi 'yan Indiya, akawu ɗan Indiya, kan sarkin aika wasiƙa na Indiya, kuɗi na Indiya. Sai a ranar 1 ga Afrilun 1947, 'yan watanni kafin Indiya ta samu 'yanci, aka cire harkokin yankin Tekun Fasha daga hannun Delhi aka mayar Landan.

Amma ba ikon Bature kaɗai ya sa rupi ya zauna ba. Kafin mai, arzikin yankin lu'ulu'u ne. Duk bazara maza suna fita teku wata huɗu, suna nutso ba tare da tukunyar iska ba, suna ɗebo wata halittar teku mai ɓawo wadda ake samun lu'ulu'u a cikinta. Aiki ne mai cin rai, yawancin masu nutson bashi ya ɗaure su, da yawansu kuma bayi ne da aka kawo daga Afirka. To ina ake kai lu'ulu'un? Bombai. A can ake tantance shi, a huda, a jera a zare, sannan ya wuce fadojin sarakunan Indiya ko Faris da Landan. Jirgin da ya kai lu'ulu'u da dabino, shi zai dawo da shinkafa da shayi da yadi da katako. Attajiran Kuwait da Bahrain da Najad suka buɗe gidaje a Bombai da Karachi da Kalikut. Mai neman magani Bombai, mai neman ilimin zamani Bombai. A lokacin, Bombai ita ce Dubai ɗinsu.

Akwai wani abu guda da ya tattara wannan zamani. A 1865 Khande Rao, sarkin Baroda, wanda Hindu ne, ya sa aka yi wata shimfiɗa da ƙananan lu'ulu'un Tekun Fasha sama da miliyan ɗaya, haɗe da duwatsu masu daraja, da niyyar aika ta Madina kyauta ga kabarin Manzon Allah (SAW). Ya rasu a 1870 ba a kai ta ba. A 2009 aka yi gwanjonta a Doha a kan dala kusan miliyan biyar da rabi, kuma yanzu tana gidan tarihin Qatar. Lu'ulu'un ya je Indiya ya dawo gida bayan shekara ɗari da arba'in.

Kuɗin Indiya ya yi aiki har a Makka. Makarantar Saulatiyya, wani malamin Indiya ne ya kafa ta a shekarun 1870, Shehu Rahmatullah Kairanawi mai littafin Izharul Haƙƙ, da dukiyar wata baiwar Allah daga Kalkata mai suna Saulatun Nisa. Makarantun Falah da aka fara a Jidda a 1905, Muhammad Ali Zainal ne ya kafa su, kuma da cinikin lu'ulu'u a Bombai ya riƙe su. Ɗalibai kuma ku leƙa kantar littattafanku. Mai Tuhfatul Ahwazi ɗan Indiya ne, haka mai Aunul Ma'abud, haka mai Arrahiƙul Makhtum. Murtada Azzabidi, mai ƙamusun Tajul Arus, a Bilgram ta Indiya aka haife shi. Mustadrak na Hakim da Sunanul Kubra na Baihaƙi, a Haidarabad aka fara buga su.

Sai duniya ta fara juyawa. A ƙarshen shekarun 1920 Japan ta cika kasuwa da lu'ulu'un kiwo mai araha, ga kuma karyewar tattalin arzikin duniya a 1929. Sana'ar nutso ta mutu murus. Shekarun 1930 da 1940 shekarun yunwa ne a gaɓar Dubai da Qatar, mutane da yawa suka yi ƙaura. Cikin wannan halin aka haƙo mai a Bahrain a 1932, a Saudiyya da Kuwait a 1938. Abu Dhabi ta fara fitar da nata a 1962, Dubai a 1969.

Ita kuma Indiya, bayan 'yanci, ta hana shigo da zinare barkatai, alhali mutanenta ba sa rabuwa da zinare. Sai fasa-ƙwauri ya buɗe. Ga yadda abin yake: a sayi zinare a Dubai ko Kuwait, a saka a ƙaramin jirgi a shigar da shi Indiya cikin dare, a sayar a karɓi rupi. A fito da rupin a ɓoye a kai bankunan yankin. Su kuma bankunan su miƙa wa Babban Bankin Indiya su ce a ba su fam na Ingila, tunda halattaccen kuɗin yankin ne. Wato Indiya da kanta take biyan kuɗin zinaren da ta haramta, daga asusunta na kuɗaɗen waje.

Don toshe wannan ɓaraka, a 1959 Indiya ta buga wani rupi na musamman wanda a yankin Tekun Fasha kaɗai ake kashe shi. Zanensa iri ɗaya da na gida, amma launinsa daban, kuma lambarsa tana ɗauke da harafin Z. Ta kuma buga wani daban domin mahajjata. Bai daɗe ba. A ranar 6 ga Yunin 1966 Indiya ta karya darajar kuɗinta, dala ɗaya ta tashi daga rupi 4.76 zuwa 7.50. Mu da muka ga abin da karyewar naira take yi wa ajiyar mutum, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Mutum a Dubai ya kwana da kuɗinsa, ya wayi gari sama da kashi ɗaya cikin uku ya narke, a kan hukuncin da aka yanke a Delhi ba da shawararsa ba. Cikin 'yan watanni Qatar da Dubai suka fito da riyal na haɗin gwiwa, Abu Dhabi ta koma dinarin Bahrain. A 1973 aka haifi dirhamin da muka sani.

A shekarar 1973 ɗin ce kuma farashin mai ya ninka kusan sau huɗu. Ga kuɗi, ga aikin gina birane, babu hannaye. Daga ina za a samo su? Daga inda aka saba. Mutanen Kerala, jikokin masu sayar wa Larabawa masoro, su ne a gaba. Na farkon da yawa ba su da ko fasfo, jiragen katako suke shiga a sauke su kusa da Khor Fakkan su ƙarasa gaɓa da iyo. Wasu sun yi arziki na ban mamaki. Yusuf Ali, mai manyan kantunan LuLu, a 1973 ya sauka Abu Dhabi daga wani ƙauyen Kerala. Yau 'yan Indiya kusan miliyan 9 ne a ƙasashe shida na yankin. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kaɗai sun haura miliyan 3, sun fi 'yan ƙasar yawa.

Ta fuskar siyasa kuwa, zuma da maɗaci ne. Indiya ta ƙi amincewa da raba Falasɗinu a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1947. Nehru ya tsaya wa Jamal Abdul Nasir lokacin da Ingila da Faransa da Isra'ila suka far wa Masar a 1956, kuma tare suka kafa ƙungiyar 'yan ba-ruwanmu a 1961. A 1974 Indiya ta zama ƙasa ta farko da ba ta Larabawa ba da ta amince da ƙungiyar PLO. Amma batun Pakistan da Kashmir kullum yana tsakani. A taron shugabannin ƙasashen Musulmi na Rabat a 1969, an gayyaci Indiya, tawagarta ta iso, shugaban Pakistan Yahya Khan ya ce in dai da su shi ba zai zauna ba, aka hana su shiga. Sai bayan shekara 50, a 2019, aka gayyaci ministar harkokin wajen Indiya taron ƙungiyar a Abu Dhabi a matsayin babbar baƙuwa. Ita ma Indiya ta sauya: ta ƙulla cikakkiyar hulɗa da Isra'ila a 1992, kuma dangantakar sai ƙara ƙarfi take yi.

Ranar da Indiya ta gane yadda rayuwarta ta rataya a kan maƙwabtan nan ita ce ranar da Saddam ya mamaye Kuwait a 1990. Sai da ta kwashe mutanenta kimanin 170,000 ta jirgin sama daga Amman. Mai ya yi tsada, kuɗin da ma'aikata suke aikowa gida ya ragu, asusu ya kusa ƙarewa. A 1991 ƙasar da a da kuɗinta ne kuɗin Kuwait, sai da ta jinginar da tan 67 na zinarenta a bankunan Turai kafin ta samu bashi. Hausawa suka ce duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

Yau kowa ya san ba zai iya rabuwa da ɗan'uwansa ba. Indiya tana sayen mai da gas, Larabawa suna sayen shinkafa da nama da magani, suna kuma zuba jari. A 2022 Indiya da Daular Larabawa suka sa hannu a yarjejeniyar sauƙaƙa ciniki, a 2023 suka amince su riƙa ciniki da rupi da dirhami ba sai an bi ta dala ba. Rupi ya dawo kenan, amma wannan karon da sallama. A 2024 aka buɗe babban wurin bautar Hindu a Abu Dhabi. A ɗaya ɓangaren, lokacin da wata kakakin jam'iyya mai mulki a Indiya ta yi kalaman ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a 2022, Qatar da Kuwait sun kira jakadun Indiya sun nuna fushinsu, kuma nan take jam'iyyar ta dakatar da ita. Abin da koken Musulmin Indiya na kwanaki bai yi ba, kiran jakada ya yi shi a yini guda.

Sai dai akwai waɗanda ba a jin muryarsu a wajen sa hannu a yarjejeniya. Su ne leburan da ya ci bashi ya biya dillali, ya iso kafili ya riƙe masa fasfo. Mai aikin gini cikin zafin da ya haura digiri 45. Mai aikatau a gidan da ba ta da ikon fita. A watan Yunin 2024 gobara ta tashi a wani gidan ma'aikata a Mangaf ta Kuwait, mutum kusan 50 suka mutu, mafi yawansu 'yan Indiya, da yawa daga Kerala. An yi gyare-gyare ga tsarin kafala a wasu ƙasashen, amma kukan bai ƙare ba. Kuma wannan ba labarin nesa ba ne gare mu, don 'yan'uwanmu da suke tafiya aikatau can, layi ɗaya suke bi da waɗannan mutane.

Shi ya sa nake yawan tuna tsohon nan na Deira. Mai yiwuwa mahaifinsa ya yi nutso, ko ya yi dakon buhun shinkafar Bombai, ko ya tsaya a gaban wani ɗan kasuwar Indiya yana neman a ɗaga masa ƙafa kan bashi. Shi kuma ya rayu ya ga jikokin wancan ɗan kasuwar suna neman biza a ƙofarsa. Duk a cikin rayuwar mutum ɗaya. Na lura da yadda ya yi wa mai shagon magana da harshensa, ya tambayi iyalinsa, ya sha shayinsa. Ina jin ya san abin da yaran da aka haifa bayan mai ba su sani ba. Lu'ulu'u ya yi zamaninsa ya wuce, rupi ya yi ya wuce, shi ma mai ana ta maganar ranar da za a rage buƙatarsa. Abin da ya rage tun zamanin Sargon shi ne mutanen gaɓa biyu da tekun da ke tsakaninsu.

Kafin in rufe, ga wani ɗan ƙari. Finafinan Indiyan da suka sa na tsinci kalmomin tsohon nan, Larabawan Lebanon masu gidajen silima, waɗanda muke kira Kwarori, su ne suka fara shigo mana da su Arewa wajen shekarun 1950 zuwa 1960. Har a nan ɗin ma ta hannun Balarabe kayan Indiya suka iso.

Waɗanda suke zaune a Saudiyya ko Dubai ko Qatar, ko suka taɓa aiki a can, ina son jin ta bakinku: ya kuka ga zaman 'yan Indiya da masu gida, kuma ya naku zaman yake? Ku rubuta mana a ƙasa, za mu karanto wasu a shiri na gaba. Wanda ya ga kuskure kuma ya gyara mana, ilimi ba na mutum ɗaya ba ne.

Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Na bar ku lafiya, wassalamu alaikum.